Nutso mai zango: Hanyar da ɗan Tibiri zai bi kafin ya kai mita 45 a ƙarƙashin teku

A Tibirin Arewa, wadda aka cire daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ana auna zurfi da gaba ne. A cikin kwarin Dallol Mawri, inda ake noman rake da rogo, ruwa kusa yake, gaba kaɗan an tarar da shi. Da an hau tudu kuwa labari ya sauya, sai a yi ta zura igiya kafin guga ya taɓa ruwa. Saboda haka mutanen wannan yanki sun san shiga rami mai zurfi, sun san masu yasar rijiya, sun kuma san cewa iskar ƙasan rijiya takan kashe ƙato ba tare da ya ce uffan ba.

Teku ce babu. Daga Tibiri zuwa gaɓar Kwatano tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma babban ruwan da ya fi kusa shi ne kogin Kwara a Gaya. Amma samarin Arewa sun daɗe suna cin rani a Legas, Kwatano, Lome, Abijan da Dakar, wasu na Jidda, wasu na Masar suna karatu. A can ne suke ganin mutane da tukwanen iska a baya suna faɗawa ruwa, ko su ci karo da bidiyonsu a TikTok, sai tambaya ta taso: wannan abin ana koyonsa ne, kuma daga ina ake farawa?

Ana koyonsa. Sai dai tsanin yana da tsawo, kuma matakin da ya fi burge masu kallo, wato nutso mai zurfi wanda ba a fitowa daga cikinsa kai tsaye, shi ne kusan na ƙarshe.

Gwanin ruwa daban, mai tukunya daban

Ƙasar Hausa ba baƙuwar nutso ba ce. A Argungu, can tsallaken iyaka a jihar Kebbi, bikin kamun kifi da aka fara a 1934 yana da gasar nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa. Idan kwalekwale ya kife, kamar yadda aka yi a kusa da Warrah a watan Mayun 2021 da jirgin da ya ɗauko fiye da mutum 150, Sarkawa da sauran gwanayen ruwa na gari ne ke fara faɗawa neman mutane. A Legas da Bamako akwai masu nutso da bokiti suna ɗebo yashi daga ƙasan ruwa, tun safe har rana ta take.

Duk waɗannan da numfashi ɗaya suke aiki. Mutum ya ja iska a sama, ya nutse, ruwa ya matse iskar da ke huhunsa, ya taso ta koma yadda take. Babu abin da ya ƙaru.

Mai tukunya kuwa a ƙasa yake shaƙar iska, kuma iskar tana zo masa ne da matsi daidai da na ruwan da ke kewaye da shi. Kowace mita 10 ta ruwa tana ƙara matsi kwatankwacin na dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu, a mita 40 ya ninka biyar. Idan mutum ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta nemi ta ninka girmanta biyu, huhu kuwa ba zai ɗauka ba, sai ya yage. Shi ya sa dokar farko da ake koya wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Gwanin ruwan da ya shekara ashirin yana riƙe numfashi shi ne ya fi buƙatar a nanata masa wannan, domin abin da jikinsa ya saba da shi ne zai iya hallaka shi.

Bashin da jiki ke ci a ƙasa

Iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, kashi 21 oksijin. Jiki ba ya amfani da naitirojin. A doron ƙasa shiga take ta fita. A ƙarƙashin matsi kuwa narkewa take yi a cikin jini da tsoka da kitse, kuma gwargwadon zurfi da daɗewa, gwargwadon yawan da ke taruwa. Idan mutum ya taso a hankali, jini zai kwaso ta zuwa huhu ta fita da numfashi. Idan ya yi gaggawa, sai ta tashi kumfa a cikin jiki, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kumfar na iya tsayawa a gwiwa ko kafaɗa ta sa ciwo mai tsanani, tana iya shiga laka ta shanye ƙafafu, tana iya kashewa.

Abin da zai ba ɗan ƙasar masu haƙar rijiya sha'awa shi ne, wannan ciwo ya fara yin suna ne a wurin masu haƙa. A ƙarni na 19, leburorin da ke tona harsashin manyan gadoji a cikin akwatunan da aka cika da iska mai matsi don korar ruwa su ne suka riƙa fitowa suna lanƙwashewa don ciwo. Injiniyan gadar Buruklin ta birnin New York, Washington Roebling, shi kansa ciwon ya nakasa shi. Bafaranshe Paul Bert ne ya nuna a 1878 cewa kumfar naitirojin ce sanadi. A 1908 kuma John Scott Haldane ya fitar wa sojojin ruwan Ingila jadawalin tasowa daki-daki, bayan gwaje-gwajen da shi da abokan aikinsa suka yi a kan awaki. Ashe akuya ma ta yi wa masu nutso rana.

Daga wannan lissafi nutso ya kasu gida biyu. A nutson shaƙatawa, mutum ba ya daɗewa har bashin ya yi yawa. A jadawalin ƙungiyar PADI, mai shaƙar iska ta yau da kullum yana da minti 56 a mita 18, minti 20 a mita 30, a mita 40 kuwa bai cika minti 10 ba. Muddin bai wuce haka ba, idan wani abu ya lalace yana iya tasowa a hankali har sama. Ana son ya tsaya minti uku a mita biyar, amma wannan don ƙarin kariya ne.

Da ya wuce waɗannan mintuna, ya shiga nutso mai zango. Yanzu akwai rufi a kansa wanda ido ba ya gani. Dole ya ya da zango a zurfin da lissafi ya tsara, ya jira, ya ƙara tasowa mita uku, ya sake jira, kamar ayarin fatake. Ko tiyo ya fashe, ko sanyi ya kama shi, ko tsoro, sama ba mafaka ba ce. Matsalar da ta same shi a ƙasa, a ƙasa zai warware ta.

Misali mafi girma yana Masar. A watan Satumban 2014, a Dahab da ke bakin Bahar Maliya, Ahmed Gabr ya kai mita 332.35. Sauka ba ta ci masa minti 15 ba. Tasowa ta ci kusan awa 14.

Mai dafa abincin da ya kwana biyu a ƙasan teku

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Harrison Okene, ɗan Najeriya, mai dafa abinci a jirgin ja mai suna Jascon-4. Ranar 26 ga Mayun 2013, da asuba, igiyar ruwa ta kifar da jirgin a tekun da ke gaban Escravos a jihar Delta, ya nutse zuwa kimanin mita 30. Mutum 12 ne a ciki. Okene ya laluba cikin duhu ya sami wani lungu da iska ta maƙale, ya zauna a nan kusan awa 60, rabin jikinsa cikin ruwan sanyi.

Masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da kamfanin DCN ya turo sun je ne don kwaso gawarwaki. Bidiyon da hannu ya fito daga duhu ya kama na mai nutso ya zagaya duniya. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne abin da ya biyo baya. Ba a fito da shi sama ba. Iskar da ya yi kwana biyu da rabi yana shaƙa tana da matsi ninki huɗu, jikinsa ya ƙoshi da naitirojin, da an ɗauko shi kai tsaye da ya mutu a hannun masu cetonsa. Sai aka sa masa hular nutso, aka kai shi cikin ƙararrawar ƙarfe da ke rataye a ƙarƙashin ruwa, aka ɗaga ta a rufe, aka shigar da shi ɗakin matsi a kan jirgi. Ya yi wasu kwanaki biyu zuwa uku a ciki ana rage matsin kaɗan-kaɗan kafin ya ga rana. Shi kaɗai ya tsira.

A 2015 Okene ya kammala horo ya zama ƙwararren mai nutso na aiki. Mutumin da ya shiga teku a matsayin kuku, ta makaranta ya bi, mataki-mataki, kamar kowa.

Tsanin da ake hawa

Manyan ƙungiyoyin da ke ba da shaida sanannu ne: PADI da aka kafa a Amurka a 1966, SSI, da CMAS wadda aka kafa a 1959 kuma ta fi ƙarfi a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Ɗan Nijar da ya je Dakar zai fi cin karo da tsarin taurari na CMAS ko matakan Faransa. Sunaye sun bambanta, hanya kusan ɗaya ce. Matakin farko yana kai mutum mita 18 zuwa 20, na biyu mita 30, sai wani kwas na musamman da ke kaiwa mita 40, iyakar nutson shaƙatawa. A tsakani akwai kwas na ceto da na agajin gaggawa, sai na naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin don rage naitirojin.

Bayan nan ne ƙofar nutson fasaha ke buɗewa. A ƙungiyar TDI, wadda aka kafa a 1994, ana haɗa kwas biyu: na naitiroks mai zurfi, da na dabarun zango wanda ke kai ɗalibi mita 45. Sharaɗi shi ne shekara 18 da nutso 25 a rubuce. PADI tana da Tec 40, 45 da 50, kuma a na farkon ba a yarda zangon ɗalibi ya wuce minti 10 ba. GUE kuwa tana fara tsare mutum a wani kwas na tushe inda ba zurfi ake nema ba, iya tsayuwa ake nema.

A ganina, adadin nutso 25 ko 30 ɗin nan ƙofar shiga ce kawai, kuma wanda ya yi su duka cikin mako biyu a ruwa mai ɗumi mai haske bai shirya ba. Abin da malamin kirki zai fara dubawa shi ne ko ɗalibi zai iya kwanciya a miƙe cikin ruwa a mita shida, bai taso ba bai nutse ba, yana kwance bawul a bayan wuyansa, an cire masa gilashin fuska, yana kuma ba abokinsa iska. Wanda ke lilo sama da ƙasa mita biyu ba zai iya riƙe zango ba, kome ƙarfin zuciyarsa.

Lissafi ya fi ƙarfin hali yawa

Wanda ya tsani lissafi a makaranta zai sake haɗuwa da shi a nan. A ɗauki mutumin da ke shaƙar lita 20 ta iska a minti ɗaya a sama. A mita 40 zai ci lita 100 a minti. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa matsi 200 tana ɗauke da lita 2,400, wato minti 24 ta ƙare ƙaf, ba a sa tasowa da zango da abin da zai ba abokinsa idan nasa ya lalace ba. Shi ya sa mai nutson fasaha ke goya tukwane biyu a haɗe, da regileta biyu, da wata tukunyar a gefe don zango. Komai biyu yake: kwamfutar hannu da madadinta, fitila da madadinta, wuƙa da madadinta. Masu shiga kogo kan raba iskarsu uku, kashi ɗaya na shiga, ɗaya na fita, ɗaya ba a taɓa shi sai ranar wuya.

Sai oksijin, wadda kowa ya sani a matsayin abin ceto a asibiti. A ƙarƙashin matsi guba ce. Idan ta yi yawa takan sa mutum jijjiga kamar mai farfaɗiya, ya saki abin numfashi daga bakinsa, ruwa ya shiga. Oksijin zalla ba a shaƙarta ƙasa da mita shida. Haɗin rabi da rabi iyakarsa mita 21. Amfaninsu shi ne suna gaggauta fitar naitirojin a lokacin zango, amma ɗaukar tiyon tukunyar da ba ita ba a zurfin da bai dace ba yana cikin manyan abubuwan da suka kashe masu wannan harka. Don haka kowane mutum da hannunsa yake auna iskar tukunyarsa, ya rubuta iyakar zurfinta a jikinta da manyan lambobi, kuma ba ya sauya tukunya sai abokinsa ya duba ya tabbatar.

Akwai kuma mayen zurfi. Daga wajen mita 30 naitirojin kan fara dusashe tunani, mutum ya riƙa jin daɗi ko fargaba ba dalili, ya kalli agogonsa ya kasa fahimtar abin da ya gani. Maganinsa shi ne a maye gurbin wani ɓangare na naitirojin da hiliyom, haɗin da ake kira tirimiks, wanda da shi ake zuwa mita 60 har 100 a matakai na gaba. Hiliyom tsada gare ta, kuma ba kowace cibiya ke da ita ba.

Gargaɗi ɗaya ya shafi gida kai tsaye. Injin bugun iskar taya ko na fenti ba na numfashi ba ne. Mai da hayaƙin da ke shiga iskarsa suna ɗauke da irin gubar da ke kashe masu yasar rijiya idan aka kunna injin ban-ruwa a cikin rami, kuma matsi yana ninka illarta. Duk wanda ya ce zai koya maka nutso da tiyo da irin wannan inji, ka yi masa sallama.

Likita kafin malami

Kafin a biya kuɗin kwas, a je asibiti. Mai farfaɗiya, mai asma da ba ta lafa ba, da wanda huhunsa ya taɓa sacewa, duk sai likitan da ya san harkar nutso ya yi magana, kuma sau da yawa amsar a'a ce. Ciwon sikila, wanda ya yawaita a ƙasar Hausa, yana cikin cututtukan da ke hana nutso da tukunya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu kuma yana da wata 'yar ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya da ba ta rufe ba tun haihuwa. A rayuwar yau da kullum ba ta damun kowa, amma tana iya barin kumfa ta tsallaka zuwa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake bincikarta ga wanda ciwon kumfa ya kama ba tare da ya karya doka ba. Ƙarancin ruwa a jiki ma ana lissafa shi cikin abubuwan da ke ƙara haɗari, don haka mai hankali ba zai tsara kwas ɗin zango da rana a watan azumi ba.

Gwajin farko kuma ba ya buƙatar tukunya: iyo na mita 200 ba tsayawa, da zama a kan ruwa minti 10. Da yawa daga cikin samarinmu a tabkin damina suka koyi iyo, inda tsargiya ke jira, ko kuma ba su koya ba sam. Mai wannan buri da ke Yamai, Kano ko Legas ya fara neman wurin iyo mai malami.

Wasa ne ko sana'a?

A nan ne mutane ke asarar kuɗi. Shaidar TDI ko PADI, kome tsayinta, ba ta ba mutum izinin aikin walda ko gyaran bututu a ƙarƙashin ruwa. Nutson aiki makarantarsa daban, kayansa daban: hula mai waya, iska daga sama ta tiyo, shugaba a kan jirgi yana riƙe da agogo. A Faransa akwai cibiyar INPP a Marseille, kuma shaidar ƙasar tana da aji-aji, na mita 30, na mita 50, da na fiye da haka. Afirka ta Kudu ma tana da makarantun da kamfanonin mai ke karɓar shaidarsu. Abin da ma'aikatun teku ke tambaya shi ne ko ƙungiyar IMCA ta amince da takardar.

Aikin kuwa yana nan. Bututun man Nijar mai tsawon kusan kilomita 2,000, wanda ya taso daga Agadem ya ratsa jihar Dosso ya tsallaka Kwara a wajen Gaya, a teku yake ƙarewa, a Seme ta ƙasar Benin, inda aka fara lodi a 2024. Madatsun ruwa irin su Kainji, tasoshin jiragen ruwa da ƙafafun gadoji duk suna buƙatar mai duba su daga ƙasa. Aikin ceto ma haka. Lokacin da jirgin Joola ya kife a gaɓar Gambiya a watan Satumban 2002 ya ci mutum 1,863 a ƙidayar hukuma, Haidar El Ali na cibiyar nutso ta Oceanium da ke Dakar yana cikin waɗanda suka shiga cikinsa, mutumin da daga baya ya zama ministan muhalli na Senegal.

Ga mai son nutson fasaha don kansa, Bahar Maliya ce ta fi kusa kuma ta fi kayan aiki: Dahab, Sharm el-Sheikh da Hurghada a Masar, sai Jidda ga waɗanda ke Saudiyya. Port Sudan, garin da Hausawa suka daɗe a cikinsa, yana kusa da Sha'ab Rumi inda Jacques Cousteau ya gina gidan ƙarƙashin ruwa a 1963, sai dai yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya dagula harkar.

Duk inda aka zaɓa, a duba malamin fiye da tambarin da ke kan katinsa. A tambaye shi ko yana yin irin wannan nutson don kansa idan babu ɗalibi, ɗalibai nawa yake ɗauka lokaci guda, ko ya taɓa kayar da wani, ko akwai oksijin na gaggawa a kwalekwalensa, kuma awa nawa ne daga wurin zuwa ɗakin matsi mafi kusa. A yanki inshorar da ta ƙunshi nutso mai zango, irin ta ƙungiyar DAN, domin kuɗin jinya a ɗakin matsi ya fi ƙarfin aljihun ɗan ci-rani. A kuma lura da tikitin komawa gida: matsin cikin jirgin sama bai kai na doron ƙasa ba, don haka bayan nutso mai zango ana jiran aƙalla awa 24 kafin a hau jirgin Yamai.